Tsayin Motar Abdulrauf

A unguwar Limawa ta Dutse kowa Baffa yake ce wa Malam Ashafa, har waɗanda Kawu ya kamata su ce masa. Shi ke da makarantar nan mai darbejiya a ƙofar zaure, shi ne kuma babba a zuriyarsu tun da 'yan'uwansa suka ƙare. Duk shekara in an yanke gero yakan tafi Gidan Dada, ƙauyen kakanninsu da ke can bayan Aujara, ya zauna a gindin tsamiya a fitar da zakkar hatsi a gabansa, ya yi addu'a, ya juyo da la'asar. Wanda ya kai shi, shi ke riƙe masa sanda in ya sauka, shi ke zama a damansa a kan tabarma, duk mai gaida Baffa sai ya haɗa da shi. Babu wanda ya taɓa kiran wannan muƙami. Amma Abdulrauf, mataimakin darakta a wata ma'aikata a sakatariya, mai digiri biyu, ya fi jin daɗin wannan gefen tabarmar a kan kujerar ofishinsa mai juyawa.

Shekara da shekaru shi ke kai Baffa. Ɗan wansa ne, a hannunsa kuma ya tashi. Motarsa ta birni ce, cikinta kusa da ƙasa, don haka in sun bar kwalta sai su ajiye ta a bakin hanya su ƙarasa a kan babur, Baffa na dafe da rawaninsa, Abdulrauf na biye da sanda. Ana shan wahala, amma wahalar tasa ce shi kaɗai, yana kuma alfahari da ita.

Bara ne Abdulkahar ya shigo cikin maganar. Ɗan ƙanwar Baffa ne, wato taubashin Abdulrauf, malamin dabbobi ne da aikinsa ke kai shi rugage. Ya sayi wata tsohuwar jif a gwanjo ya yi ta lallaɓa ta har ta tashi. Ƙofarta ɗaya ba launinsu ɗaya da sauran jikin ba, cikinta kuwa warin maganin shanu ya kama har kujeru. A wannan abar aka ɗauki Baffa, da gwiwoyinsa suka fara gajiya da babur, tun daga Limawa har gindin tsamiya ba tare da ƙafarsa ta taɓa rairayi ba. Abdulrauf ya iso daga baya a bayan ɗan acaɓa, ya tarar an cike gefen dama. Aka matsa masa a can ƙarshen tabarma, rabinsa a ƙasa, kusa da masu auna hatsi.

Bai yi hassada ba. Ya sha gaya wa kansa haka a hanyar dawowa, ya ƙara gaya wa kansa washegari a ofis. Hassada ciwon waɗanda ba su yi karatu ba ne. Shi abin da ya taso masa sha'awar kanikanci ce, wadda ashe tun yana ƙarami take kwance a jikinsa ba wanda ya sani, har shi.

Bayan 'yan makonni aka jawo masa wata jif daga Kano a bayan babbar mota. Ba gilas, ba fitila, kaza ta taɓa yin ƙwai a kujerar baya. Matarsa Zakiyya ta leƙo daga ƙofar gida ta daɗe tana kallo.

"Abban Safa, gawar waye aka kawo mana?"

"Mota ce. Irin wadda ba a yi yanzu."

"Ai na ga dalili."

Aka kai ta garejin Sale, a gindin dabinai a hanyar Kiyawa. Sale bakanike ne mai hannu, aibinsa ɗaya ne: bai taɓa ce wa mai mota a'a ba. In ka ce masa kana son motarka ta yi iyo, zai shafa haɓa ya ce ai dama tunanin da yake yi ke nan. Shi ke duba jif ɗin Abdulkahar ma, abin da Abdulrauf ya ce bai dame shi ba, ko da yake duk zuwan da zai yi sai ya tambaya, kamar a cikin hira, me aka canza mata kwanan nan.

An yi aiki na gaskiya, wannan ba a hana shi. Aka sauke inji aka wanke shi ciki da waje, aka canza lagireto, aka tayar da giyar fowil, mai juya tayoyi huɗu gaba ɗaya, da ta yi shekaru tana barci. Abdulrauf ya koyi hanyar Ƙofar Ruwa a Kano kamar ta gidan surukansa, ya iya jayayya da masu kayan gyara, ya fara dawowa gida da baƙin mai a bakin hannun riga. A ofis kuwa, fayil na jiransa a kan tebur shi yana kallon Turawa a waya suna hawan duwatsu da motoci ba gaira ba dalili. Da damina ta yi tsaka jif ta tashi. Ya gwada ta a 'yar hanyar da ke bi ta tsakanin duwatsun bayan gari, ta haura ba tari, ta gangaro ba gardama. Aka yi mata fenti ruwan ƙasa. Mota ce mai hankali, daidai aikin da aka gina ta dominsa.

Ranar wata Juma'a ya ɗauki Baffa zuwa masallaci. Tsohon ya taka matakin ƙofa, ya dafa kujera, ya zauna ba tare da an taimaka masa ba. Da suka dawo ya daɗe bai sauka ba, yana shafa gaban motar.

"Bana a taka za mu tafi, in Allah ya kai mu."

Magana ta ƙare ke nan. Baffa ba ya faɗa ya canza. Abin da ya rage wa Abdulrauf shi ne ya rufe motarsa da tamfol ya jira kaka.

Sai aka yi suna a dangi. Wurin ajiye motoci ya yi kaɗan, dole ya tsaya gefe da gefe da jif ɗin Abdulkahar. Tayoyin waccan sun cinye, mai ita ya canza su da abin da ya samu a kasuwa, abin da ya samu kuwa ya ɗan fi na da girma. Bambancin bai fi faɗin tafin hannu ba. Ba wanda zai lura da shi sai mai nemansa, Abdulrauf kuwa tun kafin ya kashe inji ya gan shi.

Abdulkahar ya fito da goro a baki, ya zagaya sabuwar motar yana jinjina kai.

"Yallaɓai Darakta! Ashe ƙanwar motata ka sayo? Allah ya raya. In ta girma a kawo ta na yi mata allura."

"Likitan awaki, ka fara wanke taka tukuna. Tun daga kwana na jiyo warinta."

"Warin aiki ne, Yallaɓai. Taka me take yi? Kai fayil daji?"

Aka yi dariya, Abdulrauf ma ya yi, don wasan taubasai ba a fushi da shi a fili. Amma naman sunan bai wuce masa ba. Washegari tun kafin Sale ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya same shi tsaye a gindin dabino.

"Ina so a ɗaga ta."

Sale ya shafa haɓa. "Wallahi Yallaɓai dama tunanin da nake yi ke nan."

Aka ƙara ganyen sifirin, aka sa dogayen shoka. Da aka sauke ta daga kan jak sai tayoyin suka zama kamar ƙafafun ɗan tsako a ƙarƙashinta, don haka aka nemo manya masu haƙora. Manyan suka riƙa gugar bodi in an karya kwana, sai aka kira mai walda ya yanke bakin madigadi, aka ƙara ɗaga ta kaɗan don a huta. Tunda mai walda ya riga ya zo, aka yi mata bamba na ƙarfe da kariyar ɗora kaya a sama da jerin fitilu da za su iya haska filin ƙwallo. Matakin ƙofa ne ya rage. Abdulrauf ya lura motocin Turawan wayarsa ba su da shi, wai yana kama dutse. Ya kuma lura jif ɗin Abdulkahar tana da shi, wani ƙarfen gado da aka liƙa da walda. Ya ce a cire nasa.

Ranar da ya kawo ta gida sai da masu shago suka fito. Zakiyya ta sa mayafi zai kai ta unguwa, ta buɗe ƙofa, ta dubi kujerar, ta dubi zaninta, ta rufe ƙofar a hankali.

"Ka je kawai, zan hau adaidaita."

"Ki kama nan ki yi tsalle mana. Ba wuya."

"Ni da 'ya'yana huɗu zan tattare zani na yi tsalle a gaban unguwa? Abban Safa, wai gini kake yi ko mota? In bene ne ka gaya mini na zaɓi ɗaki."

Shi kansa sai ya kama hannun ƙofa ya yi wani yunƙuri kafin ya hau, har wandon shadda ɗaya ya tafi a haka. Amma in ya zauna, yana ganin rufin kowace mota a Dutse. Sau biyu ya bi ta ƙofar gidan Abdulkahar ba tare da wani dalili ba, ya ga saman jif ɗinsa, ya ga inda tsatsa ta ci. Bai taɓa samun natsuwa irin wannan ba tun da aka yi masa ƙarin girma.

Kaka ta zo, aka aiko daga Gidan Dada cewa gero ya sauka. Da hantsi Abdulrauf ya tsaya a ƙofar Baffa, mota na sheƙi. Abdulkahar ma ya zo, shi aka ba kaya: tabarmi, butoci, buhunan da za a zubo hatsi. Manyan ɗalibai da maƙwabta sun taru yin sallama kamar yadda aka saba. Baffa ya fito cikin farar riga da rawani, yana dogara sanda. Abdulrauf ya buɗe masa ƙofa ya ja gefe.

Baffa ya tsaya. Kujerar da ya zauna a kai ranar Juma'ar nan yanzu tana daidai ƙirjinsa. Ya duba ƙasa inda mataki yake a da, ya ga iska.

"Wannan ce motar?"

"Ita ce, Baffa. An ɗan inganta ta."

Tsohon ya ɗaga ƙafar dama, ta tashi kamar taƙi ɗaya ta tsaya, ya mayar da ita. Aka ce ya hau dakali. Abdulrauf ya yi gaba ya yi baya har ya manna motar da shi, amma dakalin Baffa na zama ne, an yi shi daidai gwiwar tsoho, bai rage komai ba. Wani ya ruga ya ɗauko bencin makaranta.

"A kan wannan ake jingine alluna," in ji Baffa. Aka mayar da benci.

Wani ya ce a kifa turmi. Daga cikin soro muryar Hajiya, uwargidan Baffa, ta fito ta ce turminta na abinci ne, ba a taka shi, in mai motar yana son tsani ya je wurin kafinta. Aka miƙo kujerar tsakar gida, 'yar ƙaramar nan ta mata. Baffa ya dube ta, ya dubi jama'ar da ke kallonsa, ba wanda ya ƙara ambatarta.

"A sace iskar tayoyin," in ji Abdulkahar, yana jingine da motarsa. "In ya hau sai mu aika a kira mai faci. Kafin azahar mun tashi."

"Ba da kai nake ba, likitan awaki." Gumi ya jiƙa wuyan rigar Abdulrauf. Ya matso kusa ya rage murya. "Baffa, ga ɗalibai nan majiya ƙarfi. Mu kama ka mu ɗora, yanzu an wuce wurin."

Baffa ya juyo ya dube shi sosai.

"Abdulrauf, akwai ranar da maza huɗu za su ɗaga ni. Ranar ba zan hana ba. Yau dai ina da baki."

Baffa ya gyara rigarsa, ya taka a hankali zuwa jif mai warin maganin shanu, ya ɗora ƙafa a kan ƙarfen gadon nan, ya shiga. Bai saɓa alkawari ba, ya zo har bakin ƙofa, motar ce ta ƙi karɓarsa. Ɗalibai suka kwashe tabarmi da butoci da buhuna suka jefa a kariyar Abdulrauf, wadda ta ɗauke su kamar don su aka yi ta.

Har Aujara Abdulrauf yana bin su a baya. Daga inda yake zaune yana hango rawanin Baffa ta gilashin baya, yana ganin hannun Abdulkahar na tashi yana sauka, alamar hira ta yi daɗi. Me ake faɗa? Me likitan awaki ya sani da zai gaya wa malami? Ya kunna rediyo ya kashe.

Suka bar kwalta. Ruwa ya ɗauke da wuri bana, amalanken shanu sun tone hanyar ta zama rairayi zalla. A wani kwari da ke tsakanin gonaki jif ɗin gaba ta rage gudu, ta yi kuka, ta tsaya. Abdulkahar ya sa fowil ya taka, ta ƙara nutsewa. Ya yi baya, ya yi gaba, ya sake takawa, sai wani ƙauri ya tashi. Inji na kuka, taya ba ta juyawa. Kuloci ya ƙone.

Abdulrauf ya tsaya a bayansu ya kashe mota. Bai yi gaggawar sauka ba. Wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙirji har tafin ƙafa, irin wanda mutumin kirki ba ya gaya wa kowa ya ji. Sai da ya gyara hula a madubi sannan ya diro, ya tako kamar mai zuwa gaisuwar mara lafiya.

"Likita, ko a yi mata allura?"

Abdulkahar na tsugune yana leƙen ƙarƙashi. "Yi dariyarka, Yallaɓai, ranarka ce."

Abdulrauf ya zagaya wajen Baffa ya rusuna a taga. "Baffa, ga lafiyayyar mota can. Rana na yi."

Baffa ya waiga ya dube ta, tana tsaye a kan rairayi kamar raƙumi.

"Ta rage tsawo a hanya?"

"A'a, Baffa."

"To, ja mu."

Abdulrauf yana da igiyar ja, sabuwa fil, ruwan ɗorawa, tun daga Kano ba a taɓa kwance ta ba. Ya bi ta gefen gona ya wuce gaba, ya durƙusa a rairayi da shaddarsa ya ɗaura. Ya hau, ya sa ƙaramar giya, ya saki a hankali. Gaskiya ita ce duk abin da aka zuba a motar nan ya yi aiki a lokacin. Manyan tayoyin suka kama ƙasa, igiya ta miƙe, jif ɗin Abdulkahar ta fito daga ramin kamar an zare ƙaya. Tasa kuwa ba ta ko canza murya ba. Haka ya ja su, kwari bayan kwari, ta cikin karan gero da garken awaki, har rumbunan Gidan Dada suka bayyana. A ransa yana ta shirya yadda maganar za ta kasance. Ko ta wace fuska aka duba, shi ya kawo Baffa. Da ba shi, da suna can.

Mutanen gari suka taso da gudu. Suka iso motarsa, suka ɗaga kai suka dube ta, suka rabu biyu suka wuce ta dama da hagu, suka yi cincirindo a ta baya. Kafin ya diro, Abdulkahar ya zagayo ya buɗe ƙofa, sanda na hannunsa. Baffa ya sauko a kan ƙarfen gado.

"Sannu Malam Abdulkahar!" in ji mai unguwa, yana riƙe da hannunsa da hannu biyu. "Mota ta lalace, amma ba ka bar mana shi a hanya ba. Allah ya yi albarka."

"Amin, amin. Ai Yallaɓai ne ya..."

Hayaniyar gaisuwa ta cinye sauran. Abdulrauf ya so ya bi su, amma igiya na tare hanya, mata na tsallake ta da ƙore a ka, dole a kwance. Ja ya sa ƙullin ya zama dutse. Ya durƙusa yana fama da farce, ya koma da haƙori, ya nemo sukundireba. Kafin ƙullin ya saki an shimfiɗa tabarmin da ya ɗauko, an kuma zauna. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa sai ga mai unguwa a gabansa, amma ba shi yake kallo ba.

"Alhaji Abdulrauf, ashe kai ne a sama! Mun ɗauka tarakta gwamnati ta aiko." Ya daki tayar da tafin hannu. "Kai, wannan ai ƙarfe ne. Ga shi kuwa dammunanmu na gonakin fadama ba su iso ba, amalanke ɗaya ya karye, kuma ba a fitar da zakka sai an tara. Ko za ka..."

"Ni ai wurin Baffa..."

"Abdulrauf," in ji Baffa daga gindin tsamiya, bai ko ɗaga murya ba. "Taimaka musu. Allah ya ba ka abin aiki."

Ya yini yana jigila. Aka loda gero a kariya, aka cusa a kujerar baya, aka ɗora wani a kujerar da aka gyara domin Baffa. Motar ba ta kafe ko sau ɗaya ba. Manoma suka yi ta yabonta, wani ma ya tambaya ko tana jan garma. Ƙaiƙayi ya shiga wuyansa ya gangara har gadon baya, ga babbar riga, ga mutane, ba damar susa. Lokacin da ya sauke kaya na ƙarshe an riga an shafa addu'a, ana naɗe tabarmi.

Da la'asar ya sake durƙusawa ya ɗaura igiya, don mataccen kuloci ba ya tashi da addu'a. Baffa ya zo wucewa a hannun Abdulkahar, ya tsaya a kansa, ya dafa masa kafaɗa. Rabon da ya dafa shi haka tun yana yaro.

"Allah ya yi maka albarka. Ban taɓa tafiya mai laushi irin ta yau ba. Ba ƙarar inji, ba girgiza, mutum har ya yi lazimi." Ya juya wajen Abdulkahar. "Baɗi ko ta warke kada ka tayar da ita in an bar kwalta. Shi ya ja, kai ka riƙe sitiyari."

"To, Baffa," in ji Abdulkahar.

"To, Baffa," in ji Abdulrauf, ya ƙara jan ƙullin.